Na Bar Wasa

Tajaye, Disamba 2001

Zuwa ga bawana Munkaila, wanda mutanen Konni ke kira Takama,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Sahiya da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. An gama kai amfanin gona gida. Gero bai yi laifi ba, wake ne dai ya ba mu kunya. Maza sun fara ɗaure kayan cirani, nan da sati biyu garin zai koma na mata da tsofaffi da awaki.

Kada shiru ya sa ka manta matsayinka. Kakana Alkasum da kakarka Shatu ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace, saboda haka jikan mace bawan jikar namiji ne ko da ya zama gwamna. Balle kai da ba ka zama komai ba sai mai ihu a rediyo.

Ranar Juma'a na tara matan da nake koya wa karatu muka zauna gaban rediyo don jin wasanku. Da Takama ya shiga kasuwa yana cewa shi ya koya wa kwastan duba mota, Inna Mariyama ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Amma malam, me ya sami muryar? Da can in Takama ya daka tsawa, kajin tsakar gidana watsewa suke yi. Wannan karon na zaci zakara ne ya haɗiyi fara ta tsaya masa a wuya. Ka rage goro da gulma, ko Allah ya sa ta dawo.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Matan nan sun dame ni, wai tunda na ce bawana ne, in umarce shi ya kawo ƙungiyarsu Tajaye su gan shi ido da ido. Na gaya musu ganin ba zai amfane su ba, jin ya fi, sun ƙi yarda. Ka yi magana da shugabanku Ja'afar. Fili akwai, fura akwai, tafi kuwa sai kun gaji.

Uwargijiyarka,
Barira

*

Birnin Konni, Janairu 2002

Barira,

Gaisuwa da fatan alheri. Sahiya da yara suna lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta.

Ba zan zo Tajaye ba. Daga yau na bar wasa. Kada ki ƙara kira na Takama.

Ki gaishe da Inna Mariyama da sauran matan.

Munkaila Mamman Sani

*

Tajaye, Fabrairu 2002

Zuwa ga Malam Munkaila Mamman Sani,

Ina gaishe ka da iyalinka. Muna lafiya. Ka ga na rubuta sunan har da na mahaifi, yadda ka koya mini.

Na karanta 'yar takardarka a tsaye, na zauna na sake karantawa, na juya bayanta ko ka ɓoye dariyar a can. Babu. Wato don na ce zakara shi ne ka bar wasa da ni? Munkaila, ni da na ce kan ɗanka na fari kamar tulu ranar suna, a gaban surukanka, ka yi dariya har da hawaye?

To bari ka ji, raina ya ɓaci ƙwarai. Wasan nan ba kai ka ƙago shi ba balle ka ajiye shi. Gadonsa muka yi, kamar yadda muka gaji tsagen fuska. Ban taɓa jin taubashin da ya rubuta wa taubashiyarsa takardar sallama ba sai kai, ɗan birni.

Ka manta lokacin da mijina ya rasu? Kowa ya shigo da fuska a murtuke, kowa "sai haƙuri, sai haƙuri," har kalmar ta zama mini kamar duka. Kai ka zo bayan sadakar bakwai, ka zauna bakin ƙofa, ka yi addu'arka, sannan ka ce, "Bawan Allah dai ya huta da tuwon Barira." Ita ce dariyata ta farko. Ranar na san zan rayu. Mutumin da ya yi mini wannan shi ne yau yake sa mini hannu kamar takardar buron gwamnati.

In girma ne ya zo maka, Allah ya ƙara. In wani ne ya zuga ka cewa wasan taubasai ƙauyanci ne, ka gaishe shi. Ni ba zan roƙe ka ba, kuma ba zan sake rubutowa ba sai na ga taka.

Barira

*

Birnin Konni, Oktoba 2002

Zuwa ga Barira mai kunnen ƙashi,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan damina ta yi muku kyau. Sahiya da yara lafiya. Ni ma da sauƙi, kuma bayanin sauƙin ne zai cika takardar nan.

Wasiƙarki ta zo ina kwance a asibiti. Sahiya ta buɗe, ta ga faɗa ne, ta ajiye ta a ƙasan adaka, sai makon jiya ta ba ni. Na karanta na yi dariya, irin dariyar da nake yi yanzu, kafaɗu ne kawai ke rawa. Haba malamar karatu! Wasan da na bari na dandali ne. Wasan kwaikwayo. Ke kuma wa ya isa ya bar wasa da ke, ai sai mutuwa.

Kunnenki bai yi ƙarya ba ranar Juma'ar nan. Wani abu ne ya tsiro mini a maƙogwaro. Ranar da na rubuto miki, jiyanta muka dawo daga Malbaza. Fili ya cika, Takama ya fito da babbar riga, ya ɗaga hannu zai yi kirarinsa, na buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska. Na sake, iska. Mutane suka fashe da dariya, suka ɗauka sabon salo ne, mai cika baki ya rasa bakin. Ina tsaye gumi na zuba, ina neman muryata, su kuwa suna tafi suna cewa a sake. Ban taɓa samun tafi irin na ranar ba. Da wannan zuciyar na karanta zancen zakaranki, shi ya sa amsar ta zo guntuwa.

Likita ya yanke abin, ya ce ba mugun ba ne, alhamdu lillahi. Amma murya ta tafi. Abin da ya rage raɗa ce, sai mutum ya matso. Ja'afar ya ba wani yaro rigar Takama. Ban ga laifinsa ba, ƙungiya ba za ta zauna jiran mataccen maƙogwaro ba. Yayan Sahiya, Mahaman, ya ce in zo in riƙa zama a shagonsa na kayan babur a hanyar iyaka, ciniki ba ya son surutu. Mutumin kirki ne. Na ce ya ba ni lokaci.

Domin ni ban gama ba, Barira. Na fara rubuta wasa. Kin san mu ba ma rubutawa. Ja'afar kan ba da labari a taƙaice, ya ce kai ne miji, ke ce mata, kowa ya shiga ya zuba abin da ke bakinsa. Da na nuna masa takarduna sai ya ce, "Wasa ana rubuta shi? Sai ka ce laya." Ban kula shi ba. Na je kwalejin garin nan na sami darakta, na rubuta masa buƙatata a takarda. Ya ba ni ɗalibai na gwaji ranar Laraba da yamma har ƙarshen shekarar karatu. In abin ya yi kyau, ya ce zai nemi a bar ni. In bai yi ba, ga shagon Mahaman.

Wanda bai taɓa zama bawanki ba,
Munkaila

*

Tajaye, Nuwamba 2002

Zuwa ga ɗan'uwana Munkaila,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu lafiya muke.

Kunya ta hana ni barci. Kana cikin wannan hali ni ina nan ina zuba maka rashin hankali. Rashin sani ya fi dare duhu. Ka yafe mini don Allah.

Ga zuma nan na ba direban motar kasuwa, ta gidan Inna Mariyama ce, ba a gauraya ta ba. Ka riƙa sha da citta da safe. Rubutun da ka fara, Allah ya sa albarka, na san zai yi kyau. Ka dai bi a hankali, kada ka wahalar da kanka. Sai haƙuri.

'Yar'uwarka,
Barira

*

Birnin Konni, Disamba 2002

Barira,

Muna lafiya, zuma ta iso, yara sun shanye rabi. Yanzu ki gyara zama.

"Sai haƙuri." Ke ce kika rubuta mini wannan? Ke? Ashe kin haƙa mini kabari kin saka ni har kin yayyafa ruwa. Wasiƙarki ta faɗa ta fi mini wannan sau dubu.

Tun da aka sallamo ni babu wanda ya zolaye ni. Abokan da muke zagin juna a tashar babura yanzu miƙewa suke su ba ni kujera. Sahiya, wadda muryarta ke kaiwa gida na uku, ta koma yi mini magana a hankali, kamar ni ne kurma. Na ba mutum biyar wasan da na rubuta, kowa ya ce, "Ma sha Allah, ƙoƙari ya yi." Ja'afar ma da ya karanta ya ce babu gyara. Ja'afar da bai taɓa ganin abin da babu gyara ba! Ta yaya zan san ko abin kirki na yi, alhali kowa tausayina yake ji? Na sa rai akwai mutum ɗaya a duniya da al'ada ta ɗaure wa gindi ta gaya mini gaskiya komai ɗacinta, sai ga ta da zuma. Ni na yi miki a ranar makokinki. Ke kin kasa yi mini.

Ga wasan nan na haɗo da wasiƙar, sunansa Kaset. Labarin Delu ne, mijinta ya tafi cirani Ikko, ya aiko kaset kamar yadda mazanku ke yi. Aka tara gida aka kunna. Ya gaishe da uba, ya gaishe da uwa, ya tambayi ƙanne, ya tambayi har ragonsa mai ciwon ƙafa, amma kunya ta hana shi ambaton matarsa. A ƙarshe, da aka zo ɗaukar amsa, Delu ta miƙe ta amayar da abin da ke cikinta. Wannan jawabin nata shafi uku ne, kuma ina ganin ban taɓa yin abin da ya kai shi ba.

Ki karanta wa matanki. Abin da suka ce, da abin da kika gani, ki rubuto shi tsirara. In ke ma kika ce mini ƙoƙari ya yi, to a ranar zan bar wancan wasan da kika ji tsoro.

Munkaila

*

Tajaye, Fabrairu 2003

Zuwa ga bawana mai raɗa,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai tari da ya zagaye yara, ya kuma lafa. Tunda duka ka roƙa, miƙo bayan.

Na karanta wa matan Kaset a zama biyu. Farkon ya kama su. Wurin ragon nan, Rashida, wadda mijinta ke cirani, ta ce wallahi a gidansu aka yi. Amma tun daga tsakiya na ga an fara tsefe kai, wata ta ciro ƙullin gyaɗa tana ɓarewa. Da na kai jawabin Delu na shafi uku, na ɗaga murya, na yi iyakar yina. Na gama. Sai Inna Mariyama ta ce, "Wagga Delu, Takama na ya ɗaura zane?"

Ka ji ciwon. Mutum bakwai ka sa a wasan, duk bakwai ɗin kai ne. Uban kai ne, uwar kai ce, mai kawo kaset kai ne, da ragon zai yi magana da kirari zai fara. Ba wasa ka rubuta ba, muryarka ka bi kana nema a bakin mutane. Ta tafi, Munkaila. Ka bar bayin Allah su yi magana da tasu.

Kuma wace macen Tajaye ce za ta miƙe gaban surukinta ta yi shafi uku? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bari in gaya maka abin da ake yi, ni da na ga kaset ya fi a ƙirga. Ranar da aka kunna, matar tana can bakin murhu, ta ba taron baya, kamar ba ta ji. Kashegari in gida ya watse, sai ta aiki yaro ya aro rediyon, wai za ta ji waƙa. Ta shiga ɗaki ta mayar da kaset baya. Ba maganarsa take saurare ba, ta riga ta haddace. Numfashinsa take saurare, ko yana tari, ko ya rame, don ramar mutum ana jin ta a murya. Wa ke magana a bayansa, namiji ko mace. Ranar ɗaukar amsa kuwa ita ake miƙa wa rediyon a ƙarshe, kaset ya kusa cika, kowa na kallonta. Me kake tsammani za ta ce?

Ban sani ba ko na wuce gona da iri. Na san abin da takardun nan suke a wurinka. Amma kai ka ce tsirara.

Uwargijiyarka har gobe,
Barira

*

Birnin Konni, Mayu 2003

Zuwa ga Barira, wadda bakinta ya fi aska,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya. Na san kin ƙirga watannin shiruna kin ce kin kashe ni. Kin kusa. Na yi mako ban kula kowa ba, na rubuta miki amsa mai zafi na yaga. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tsohuwar nan ta yi gaskiya.

Na koma wurin ɗalibaina na karɓe takardun daga hannunsu. Da ma haddar suke yi suna ƙoƙarin kwaikwayon Takama, ni kuma ina jin daɗi. Na ce kowa ya tafi gida ya saurari yadda kakarsa ke magana, yadda babansa ke tambayar abinci, ya kawo mini. Suna faɗa ina rubutawa, ina yankewa, ina ƙarawa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wani abin mamaki, raɗar nan ta yi mini rana. Sauran malamai ihu suke yi aji na hayaniya, ni kuwa in na motsa baki sai a yi tsit a matso, don kada a rasa. Ina da gwangwani da ɗan kara, bugu ɗaya a tsaya, biyu a sake.

Shafi ukun nan na cire su. Na ji kamar haƙori ake cire mini. Abin da na sa a wurinsu ba zan faɗa miki ba. Wata ɗaliba, Balkissa, ita ce Delu.

Ki share fili. Darakta ya samo mana mota, za mu zo ranar kasuwarku ta farkon Yuni, mu yi bayan la'asar. A gaban matan da suka ɓare mini gyaɗa nake so a fara. In ya karɓu a Tajaye, zan tsaya a kan aikin nan ko da wa zai hana. In bai karɓu ba, ba sai darakta ya sallame ni ba.

Munkaila

*

Birnin Konni, Yuni 2003

Barira,

Mun iso lafiya. Ki yi haƙuri ban tsaya sallama ba. Na ce wa direba hadari ne nake gudu, ba hadari ba ne.

Kin gani da idonki, ba sai na faɗa ba, amma bari in faɗi yadda na ji shi daga bayan zanan da muka kafa, inda ba na ganin kowa. Farko an yi dariya, wurin ragon har da shewa. Na ce to. Sannan aka zo ƙarshe. Aka miƙa wa Balkissa rediyo, ta danna, ta yi shirun da na koya mata, ta ce, "Ragon ya warke," ta kashe. Na jira. Barira, shekara ashirin ina wannan sana'a, na san ƙarar fili in wasa ya ci. Babu tafi, babu guɗa, babu ko mai cewa a sake. Sai ƙarar takalma, mutane na tashi suna tafiya. A Malbaza da na kasa magana an yi mini tafi. A Tajaye na faɗi iyakar abin da na iya, an tashi an bar ni.

Darakta Bazabarme ne, Hausarsa ta ciniki ce, bai ce komai ba a mota sai "bon" ɗinsa na Faransanci.

Ban yi nadama ba, na gwada da gaske. Amma na yi alkawari, kuma ba zan riƙe 'ya'yan mutane ina koya musu abin da ke korar jama'a ba. Na gaya wa Mahaman zan fara zama a shago in an shiga hutu. Darakta kuma zan kai masa takardar ajiye aiki kafin a rufe lakwal, yara su tafi hutu.

Na gode da kika gaya mini gaskiya lokacin da kowa ya ƙi.

Munkaila

*

Tajaye, Yuni 2003

Zuwa ga sarkin wawaye,

Muna lafiya, an yi ruwan shuka, sauran gaisuwar ka nemi mai yi maka. Na tare direba tun bai sauke kaya ba na ce ya jira wannan, don kada ka kai takardar nan kafin ta iso.

Da ni ce na yi wa "na bar wasa" gurguwar fahimta, ka kira ni mai kunnen ƙashi. Yau ga ka, ka ji shiru ka fassara shi da jahilci. Wa ya ce ka laɓe bayan zana? Da ka leƙo da ka ga abin da na gani.

Lokacin da yarinyar nan ta danna rediyo ta yi shiru, ina tsaye a gefen mata. Rashida ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta kusa da ita ta sunkuyar da kai tana tonon ƙasa da tsinke. Da ta ce ragon ya warke, na ji wata a bayana ta saki numfashi kamar an sauke mata tulu. Ta yaya za su yi tafi? Surukansu na zaune a gaba a kan tabarmi. Wadda ta tafa ai ta tona kanta, ta ce ni ce Delu. Tashin da ka ji, gudu suka yi kada a ga idonsu. Tsofaffin mazan kuwa kunya ce ta kama su. Malam Ja'e mai kanti, wanda ke riƙe rediyon unguwarmu, ya tafi ko carbinsa bai ɗauka ba. Ni kaina ban nemi ka ba a lokacin don ba na so bawana ya ga hawayena.

Shekaranjiya aka ɗauki amsar kaset a gidan su Rashida. Surukinta ya yi nasa, uwar ta yi nata. Da aka zo kanta, tsohon ya miƙa mata rediyon ya ce, "Shiga ɗaka da shi. Mu za mu duba awaki." Ya kwashe kowa suka fita. Ba a taɓa yin haka a garin nan ba, ka tambayi wanda ka ga dama.

Inna Mariyama kuma ta zo har gida ta same ni. Ka san mijinta a cirani ya rasu tun tana da ƙuruciya. Ta ce, "Ɗiyar ga Delu, mijin nata ya komo kuwa?" Na ce, "Inna, ai wasa ne, Munkaila ya rubuta." Sai ta ce, "Wasa? To shi wa ya hwaɗa mishi?"

Ka je ka sayar da tayar babur in ka ga dama. Amma kada ka ce Tajaye ce ta kore ka.

Barira

*

Birnin Konni, Yuli 2003

Zuwa ga Barira,

Muna lafiya. Wasiƙarki ta same ni takardar na aljihu, ina ɗaura takalmi. Na karanta a zaure. Sahiya ta fito ta gan ni, ta tambaya ko rasuwa aka yi. Na miƙa mata ta karanta, ta gama ta daka mini tsawar da rabona da ji tun kafin asibiti, wai dattijo da ni ina kuka a bakin ƙofa mutane na wucewa.

Na je wurin darakta da wata takardar daban. Na nemi aji biyu maimakon ɗaya, da ɗakin da za mu riƙa ajiye kaya. Ya ce ɗaya zai iya, ɗaki kuwa babu. Na ce a gindin itacen bedi ma za mu yi. Mahaman ya ji haushi, zai huce.

Na tara yaran kafin su watse hutu, na karanta musu abin da surukin Rashida ya yi. Sai da suka matso sosai, kin san muryar. Balkissa ta tambaye ni ko in za mu sake yi a ƙara wa Delu magana, don mutane su san wurin tafi.

Na ce a'a. Na ce ta ƙara tsawon shirun.

Munkaila